Tagwayen sama da rijiyoyin Gulbin Kaba

Matafiyin da ya baro Maraɗi ya nufi gabas bisa babbar hanyar kwalta mai zuwa Damagaram, in ya wuce Gazawa ba ya jimawa sai ya iske kansa cikin Tasawa, bayan tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka. Abin da ke fara tarbarsa shi ne ƙamshin kilishi, wanda sunansa ya kai har Yamai, sa'an nan hayaniyar tasha, da amalanken shanu ɗauke da buhunan hatsi da wake da riɗi. In kaka ce, zai ga tabkunan garin cike, yara na wanka, masu yin tubali na jiran ruwa ya ja baya. In kuwa ya komo a tsakiyar bazara, sai ya tarar tabkunan nan sun ƙafe, ƙasa ta tsattsage, mata da ƴanmata sun jera jarkoki bakin famfo tun da asuba. Duk wanda ya ga Tasawa a waɗannan lokuta biyu ya san cewa arzikin ƙasar da wahalarta duka a wuyan ruwa suke rataye.

Wannan magana ba ta yau ba ce. A watan Janairu na shekara ta 1851, Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya sauka Tasawa tare da ayarin gishiri na Abzinawa, kuma ayari irin wannan ba ya bin hanya sai wadda madugu ya san rijiyoyinta. Da Turawa suka zo rabon ƙasa, yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 ta bar wa Faransawa hanyar da ba ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa ta hallaka bayin Allah masu yawa, a nan kusa ta watse cikin watan Yuli na 1899, sa'ad da sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su. Kaburburansu na Maijirgi. Daga baya, a 1904 da 1906, aka sake zama aka tura iyaka kudu, domin Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi, har Maraɗi ta faɗo ɓangarenta. Ke nan iyakar da ɗan kasuwa ke ƙetarewa yau in zai tafi Katsina ko Daura, da lissafin rijiyoyi aka shata ta. Wanda ya san inda ruwa yake, tun can shi ke yanke hukunci.

Kwarin goriba

Daga Tasawa, in mutum ya juya arewa maso yamma, ƙasa takan fara canza kama. Jigawa ta yawaita, garuruwa sun fara nisa da juna, gonakin hatsi sun miƙe iyakar ganin ido, gawo da kalgo da sabara na tsaye jefi-jefi cikinsu. Can sai ƙasa ta gangara, kan goriba ya fara bayyana, ɗaya, goma, ɗari. An iso Gulbin Kaba ke nan, kwarin da garin Mayahi ke zaune a gefensa.

Baƙo yakan tambaya: ina gulbin? Gaskiya ne, a mafi yawan tsawonsa ruwa ba ya gudu, sai dai tabkuna da ke taruwa da damana. Kwarin ya taso daga wajen Nijeriya, ya yi baka ta arewa, ya bi ta Mayahi, sa'an nan ya karkata yamma da kudu ya koma inda ya fito. Amma gulbin bai mutu ba, nutsewa ya yi. Ruwansa na kwance ƙarƙashin rairayi, goriba kuwa ita ce shaidarsa, don itaciya ce da ke son inda saiwarta za ta kusanci danshi. Daga kabarta kwarin ya sami suna, daga kabar kuma dubban gidaje ke samun abin sayen gishiri da sabulu. Mata na yanka, suna shanyawa, suna saƙa tabarmi da faifai da kwanduna, maza na tufka igiya. Ranar kasuwa, a Mayahi ko Kanambakashe, dillalai na ɗaure kaba dami-dami ana lodawa zuwa wasu jahohi da ƙetaren iyaka. Da rani ya tsananta, Fulani da Buzaye nan suke gangarowa da bisashensu.

A cikin kwari rijiya ba ta da zurfi sosai. Amma da zarar an hau tudu, labari ya sauya. Akwai garuruwan da igiyar gugansu ta wuce gaba 20, inda hannu ba ya iyawa sai an ɗaura wa sa ko raƙumi ko jakuna, yaro na kora su har su yi nisa kafin wasaki ya leƙo bakin rijiya. Tsofaffin irin waɗannan garuruwa sun san zurfin rijiyarsu kamar yadda suka san sunayen jikokinsu. Sukan tuna shekarar da aka ƙara wa igiya gaba ɗaya, da shekarar da aka rage. Sai dai wannan sani a ka yake, in tsoho ya kwanta dama yakan tafi da abinsa. Ga shi kuma a ƙidayar 2012 gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500, kuma tun daga lokacin baki sai ƙaruwa yake yi.

Hasan da Husaini na sararin samaniya

Abin da mai jan ruwa a Gulbin Kaba bai cika sani ba shi ne, sama da shekara 20 ke nan akwai masu auna ruwan da ke ƙarƙashin ƙafarsa daga nisan kilomita wajen 500 a sama. Manomi ya san Kaza da ƴaƴanta, ya san Zara da gamzaki, da su yake lissafin dare da shekara. Waɗannan kuwa taurarin ɗan Adam ne, kuma tagwaye ne.

Ran 17 ga watan Maris na 2002, wata roka mai suna Rockot ta tashi daga Plesetsk, a arewacin Rasha, ɗauke da taurari biyu iri ɗaya, kowane bai kai nauyin buhu 5 na kilo 100 ba. Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin hukumar sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, da takwararta ta Jamus, aka raɗa masa suna GRACE. Da rokar ta kai su inda ake so, sai ta sake su, aka jera su bisa turba guda, ɗaya gaba ɗaya baya, tsakaninsu kimanin kilomita 220, wato kusan nisan Maraɗi da Damagaram. Haka suka yi ta kewaya duniya ta kan ƙuryar arewa da ta kudu, sau 15 ko fiye da haka kaɗan a yini, duniya na juyawa ƙarƙashinsu, ta yadda cikin wata guda sun ratsa ko'ina.

Hikimar na cikin jeruwar. Tauraro ɗaya tilo ba zai iya aikin ba, don waɗannan ba hoto suke ɗauka ba, awon nauyi suke yi. Kowane abu mai nauyi yana jawo abin da ke kusa da shi; dutse na jawowa, ruwa ma na jawowa. Mai karatu ya ɗauki misalin manyan motoci biyu da ke bin juna bisa hanya, da gudu ɗaya. In ta gaba ta iso gangare, sai gudunta ya ƙaru, ratar da ke tsakaninsu ta buɗe. In ta fara hawan tudun da ke gaba, gudunta ya ragu, ta baya kuwa lokacin take gangarawa, sai ratar ta tsuke. Wanda ke riƙe da lissafin ratar nan, ko bai ga hanya ba, zai iya faɗin inda gangaren yake da zurfinsa. To, haka tagwayen suke. In na gaba ya doshi yankin da ya fi nauyi, sai a fizge shi gaba kaɗan, daga baya a fizgo ɗan'uwansa. Su kuwa kullum suna aika wa juna saƙon rediyo, suna auna ratar da ke tsakaninsu, har canjin da bai kai kaurin silin gashi ba suna gane shi.

Duwatsu ba sa ƙaura daga wata zuwa wata. Abin da ke zuwa ya tafi shi ne ruwa: na tabki, na danshin gona, da na ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka in nauyin wani yanki ya ƙaru tsakanin Mayu da Satumba, masana sun san damana ce ta zuba. In kuma shekara bayan shekara nauyin na raguwa, sun san ana ɗiba fiye da yadda sama ke mayarwa.

An yi wa tagwayen farko tsammanin shekara 5, sai suka yi 15, aikinsu ya ƙare a watan Oktoba na 2017. Ran 22 ga watan Mayu na 2018 wata roka, Falcon 9, ta tashi daga Vandenberg a jahar Kalifoniya ta Amurka, ta kai magadansu, su ma biyu, masu suna GRACE-FO. Waɗannan har da hasken leza aka ƙara musu don awon ratar ya ƙara daidaita, kuma su suka ci gaba da lissafin.

Abin da suka gani

A wasu sassan duniya labarin da tagwayen suka kawo mai tayar da hankali ne. A arewa maso yammacin Indiya, inda manoma ke ban ruwa da injuna dare da rana, an gano cewa tsakanin 2002 da 2008 ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ragu da mita-kub miliyar 109, alhali kowace mita-kub ɗaya ganga 5 ce mai cin lita 200. Ba fari ne ya jawo haka ba, yawan ɗiba ne. A Kalifoniya ma an ga irin wannan rama.

A nan kuwa akasin haka aka gani. Tasawa da Mayahi na zaune a gefen gabas na wani babban kwano na ƙarƙashin ƙasa da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya shimfiɗu daga Mali, ya ratsa yammaci da tsakiyar Nijar, ya shiga ƙasar Sakkwato. Awon tagwayen ya nuna cewa tun daga 2002 jimillar ruwan da ke cikin wannan kwano ƙaruwa take yi. Ga ƙasar da ta sha farin 1973 da na 1984, wanda har yau ake kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, ta kuma sha ƙarancin abinci na 2005, wannan labari ne mai sanyaya rai.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya ƙaruwa banza. A kewayen Yamai, inda aka daɗe ana auna rijiyoyi da hannu, an tabbatar cewa ruwa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali ruwan sama ya ragu cikin mafi yawan shekarun nan. Dalilin da masana suka gano ba abin murna ba ne. An sare daji an mai da shi gona, ƙasa ta tsiraita ta daskare, ruwan sama ya daina tsayawa inda ya faɗi, sai ya gudu ya yanka zaizaya ya taru a tabkuna, daga can ya nutse. Wato abin da rijiya ta samu, gona ce ta yi asararsa.

Jahar Maraɗi kuma tana da nata labarin dabam. Tun daga 1983, sa'ad da wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jawo hankalin manoma ga barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi, dabarar da aka sani da sassabin zamani ta bazu daga gona zuwa gona. Da aka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan taurarin ɗan Adam, an ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram sun sake yin itatuwa. Saboda haka abin da ya faru a Yamai ba lalle ne ya zama shi ke faruwa a Urafan ko Sarkin Hausa ba. Kowace ƙasa da halinta, kuma a nan ne ƙarfin tagwayen ya tsaya.

Iyakar ganin na sama

Awonsu na jimilla ne. Ba sa rarrabe abin da bai kai faɗin kilomita 300 ba, gundumomin Tasawa da Mayahi kuwa, ko an haɗa su wuri ɗaya, ba su cika rubu'in wannan fili ba. Kamar mai sikeli ne da ya auna mota da kayanta gaba ɗaya: ya san nauyi ya ƙaru, amma bai san buhun wa ya cika, na wa ya zube ba. Ana iya samun kwanon duka yana cika, alhali rijiyar wani ƙauye na ja baya saboda an kafa injuna kusa da ita.

Haka nan ba sa ɗanɗana ruwa. Mutanen jahar nan ba su manta da Tibiri ba, garin Sarkin Gobir, inda wata rijiyar burtsatse da aka haƙa cikin shekarun 1980 ta riƙa ba da ruwa garai-garai a ido, amma mai ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da kima, har ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa da rinannun haƙora. Babu tauraron da zai hango wannan daga sama. Sai an ɗebi ruwan an kai ɗakin gwaji.

Wannan magana ta zama ta gaggawa ne saboda abin da ke gudana cikin kwarin. Faifan hasken rana ya yi araha, injin jan ruwa ya shigo kasuwa, haƙa foraj ya zama sana'a. Ɗan kasuwa mai ɗan jari, ko ma'aikacin da ke tunanin ranar ritaya, yakan sayi fili a gulbi ya kafa garka, ya shuka albasa da tumatir da zogale. Abu ne mai kyau, yana ba matasa aikin rani maimakon tafiya ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya. Amma rana ba ta aiko da takardar biya, don haka mai injin ba ya jin ciwon barinsa yana zuba tun safe har la'asar. In garka ɗaya ce ba komi. In sun zama ɗari, sun zama dubu, to, ruwan da goriba ke sha, da wanda makiyayi ke shayar da garkensa, da wanda matan ƙauye ke ja da guga, duk daga tulu ɗaya ake ɗiba. Mai dogon bututu shi zai sha na ƙarshe, mai gajerar igiya shi zai fara kuka. Manoman Indiya ma ba da mugun nufi suka fara ba.

Rijiya ta bayar

Sakamakon awon tagwayen kyauta ne, yana nan a intanet ga duk mai iya karanta shi. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban fari, aikinta ke nan bin sawun ruwa da damana da horar da ma'aikata. A Maraɗi akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da malamai da ɗalibai masu nazarin ƙasa da ruwa. Ilimi dai ya samu. Abin tsoro shi ne kada a ce rijiya ta bayar, guga ya hana: labari ya tsaya cikin rahoto da Faransanci ko Ingilishi, bai sauko ga magajin gari da mai gari da sarkin noma ba.

Kuma labarin ba saukowa kaɗai ya kamata ya yi ba, akwai wanda ya kamata ya hau. Abin da na sama ba su iya gani, igiya na ganinsa. Da kowane gari zai keɓe rijiya ɗaya, a auna zurfin ruwanta sau biyu a shekara, ƙarshen damana da ƙarshen bazara, malamin makaranta ko na asibiti ya rubuta a littafi, a aika kwafi ga ma'aikatar ruwa ta gunduma, da cikin shekara 10 Tasawa da Mayahi sun mallaki abin da kuɗi ba sa saye. Kayan aikin bai wuce igiya mai alamar mita da ɗan ƙarfe a bakinta ba. Da irin wannan littafi ne hukuma za ta san inda za ta ba da izinin haƙa foraj da inda za ta ce a dakata. Da shi ɗan kasuwa zai san ko filin da ake tallata masa zai riƙe garka shekara 20, ko kuwa jarinsa zai binne cikin rairayi. Da shi kuma za a raba gardama ranar da manomi da makiyayi da mai injin suka tsaya gaban sarki, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya shanye ruwan.

Turawan da suka shata iyaka a 1906 sun san darajar lissafin rijiyoyi, shi ya sa suka yi ta ja-in-ja a kansa. Waɗanda suka kashe dukiya mai yawa suka harba tagwaye sama har sau biyu, su ma sun san darajarsa. Saura masu rijiyar su riƙe nasu lissafin da hannunsu, tun goriba na tsaye, tun tsofaffin da suka san gaba nawa igiya take a shekarar El-Buhari suna da rai a tambaye su.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya sa a gama lafiya.